DARASI NA SHA ƊAYA: KURUMTAR DA KE BIYO BAYAN BUGUWAR KAI DA NA'URAR JI TA DASHE

1.0 GABATARWA

A darussan da suka gabata an yi bayani a kan gaɓoɓin furuci da yadda ɗan'adam yake sarrafa iska ya samar da baƙaƙe da wasula. Sai dai furuci rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne ji, domin da kunne yaro yake ɗaukar harshen uwa, da shi kuma babba yake daidaita muryarsa. Saboda haka duk wanda zai koyar da harshe yana bukatar sanin yadda kunne yake aiki, da kuma abin da kan faru idan ya daina aikin.

Kurumta iri-iri ce. Akwai wadda ake haifar yaro da ita, akwai wadda cututtuka irin su sanƙarau da ƙyanda da hangum suke haddasawa, akwai kuma ta tsufa. Wannan darasi ya taƙaita ne ga wadda take aukuwa farat ɗaya a sakamakon buguwa a kai, kamar a haɗarin mota ko na babur, ko faɗowa daga bishiya ko daga kan gini, ko kuma duka. Mai irin wannan kurumta ya riga ya iya magana, watakila ma ɗan makaranta ne mai karatu da rubutu, sai aka wayi gari yana ganin leɓɓan mutane suna motsi ba ya jin abin da suke faɗa. Za a duba yadda hakan take faruwa, da wata na'ura da likitoci suke dasawa a cikin kunne don maido da ji, da yadda na'urar take da sautukan Hausa, sa'annan da nauyin da ya rataya a wuyan malami idan irin wannan yaro ya dawo ajinsa.

2.0 MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana sassan kunne guda uku da aikin kowannensu;
ii. kawo hanyoyin da buguwar kai take jawo kurumta;
iii. bambanta na'urar ƙara sauti da na'urar ji ta dashe;
iv. bayyana sharuɗɗan da likitoci suke dubawa kafin su yi dashen;
v. nuna sassan tsarin sautin Hausa da suke yi wa mai na'urar wuya da waɗanda suke zo masa da sauƙi;
vi. tsara dabarun koyarwa da suka dace da irin wannan ɗalibi.

3.0 ƘUNSHIYAR DARASI

3.1 Yadda Kunne Yake Ji

Masana sun kasa kunne gida uku. Kashi na farko shi ne kunnen waje, wato fatar kunne da ramin da ya shiga ciki har zuwa dodon kunne. Aikinsa tattaro sauti. Idan sauti ya iso sai ya kaɗa dodon kunne kamar yadda makaɗi yake kaɗa fatar ganga.

Kashi na biyu shi ne kunnen tsakiya. Wani ɗan fili ne mai iska a bayan dodon kunne, a cikinsa akwai 'yan ƙasusuwa uku a jere da aka raɗa wa suna bisa ga siffarsu: guduma da maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Aikin ƙasusuwan shi ne ƙarfafa kaɗawar su miƙa ta ciki.

Kashi na uku shi ne kunnen ciki, wanda yake binne cikin ƙashi mai tsananin tauri a gefen ƙoƙon kai. A nan ne ake samun wata gaɓa da ta nannaɗe kamar katantanwa, wadda likitoci suke kira kokliya. A wannan darasi za a riƙa kiran ta katantanwar kunne. Cike take da ruwa, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin halitta wajen 15,000 masu 'yan siraran gashi a kansu. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayoyin su mayar da motsin ya zama saƙon lantarki, jijiyar ji mai zare wajen 30,000 ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce take fassara shi ya zama magana ko kiɗa ko kukan tsuntsu. A maƙwabtan katantanwar kuma akwai sashen da yake kula da daidaituwar jiki, shi ya sa ciwon kunnen ciki yakan zo da jiri.

Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, kowane wuri a katantanwar yana da irin sautin da yake amsawa: gindinta yana amsa siraran sautuka masu kaifi, ƙololuwarta kuma tana amsa masu kauri. Na biyu, ƙwayoyin gashin nan idan sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan'adam.

3.2 Yadda Buguwar Kai Take Jawo Kurumta

Tun da yake kunnen tsakiya da na ciki a cikin ƙashin gefen kai suke, duk buguwar da ta taɓa wannan ƙashi tana iya taɓa ji. Ana iya kasa illar kamar haka:

(a) Illa a kunnen tsakiya. Dodon kunne yana iya yagewa, jini yana iya taruwa a bayansa, ko kuma ƙasusuwan nan uku su goce daga mahaɗarsu. A nan katantanwa lafiyarta ƙalau, hanyar isa gare ta ce ta toshe. Irin wannan ya fi sauƙi, domin jinin yakan janye cikin 'yan makonni, yagewar takan haɗe da kanta a mafi yawan lokaci, ƙasusuwan kuma ana iya gyara su da tiyata.

(b) Karayar da ta ratsa kunnen ciki. Tsagewar ƙashin gefen kai ta fi yawan bin tsawon ƙashin ta kauce wa katantanwa. Amma wani lokaci takan gitta ƙashin ta ratsa katantanwar kanta. Idan haka ta faru, ji yakan ɗauke gaba ɗaya a wannan kunne, kuma ba kasafai yake dawowa ba. Sau da yawa abin yakan zo da jiri mai tsanani da shanyewar ɓarin fuska, saboda jijiyar da take motsa fuska ta cikin wannan ƙashi ta bi.

(c) Girgizar kunnen ciki. Akan sami wanda ƙashinsa bai karye ba, amma ƙarfin buguwar ya girgiza ruwan katantanwa har ƙwayoyin gashi suka lalace. Haka kuma ruwan yana iya tsiyayewa zuwa kunnen tsakiya ta wata 'yar ɓula.

(d) Illa a jijiya ko ƙwaƙwalwa. Jijiyar ji tana iya tsinkewa, ko kuma sashen ƙwaƙwalwa mai fassara sauti ya sami rauni. Mai irin wannan rauni na ƙarshe yana iya jin ƙara amma ya kasa gane magana.

Alamomin da suke nuna buguwa ta taɓa kunne sun haɗa da fitar jini ko wani farin ruwa garai-garai daga kunne, da taruwar jini a fatar bayan kunne, da jiri, da ƙugi a cikin kunne, da karkacewar baki. Farin ruwan nan yana iya zama ruwan da yake kewaye da ƙwaƙwalwa, kuma fitarsa alama ce ta cewa an sami ƙofar da ƙwayoyin cutar sanƙarau za su iya shiga. Don haka ba a ɗiga mai ko wani magani a irin wannan kunne, ba a kuma cusa masa tsinke ko tsumma. Asibiti ake nufa nan take.

3.3 Mece Ce Na'urar Ji ta Dashe?

Mutane da yawa sun san na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne. Ita wannan aikinta kamar na lasifika ne: tana ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi ta hanyar da ya saba bi. Tana da amfani matuƙar akwai sauran ƙwayoyin gashi masu rai. Idan kuwa sun ƙare, ƙara ƙarfin sauti ba ya tsinana komai.

Na'urar ji ta dashe wata hanya ta ɗauka daban. Tana tsallake kunnen waje da na tsakiya da matattun ƙwayoyin gashi, ta aika da saƙon lantarki kai tsaye zuwa jijiyar ji. Sassanta biyu ne.

Sashen waje ya ƙunshi makirufo mai ɗaukar sauti, da wata 'yar kwamfuta mai sarrafa sautin wadda akan rataya a bayan kunne, da batir, da wani ɗan faifai da yake manne wa fatar kai ta hanyar maganaɗisu. Sashen ciki kuwa shi ake dasawa da tiyata a ƙarƙashin fatar bayan kunne. Yana da makarɓin saƙo, da wata siririyar waya mai laushi da ake zurawa cikin katantanwa. A jikin wayar akwai 'yan ƙarafa a jere, waɗanda ake kira ilektirod, adadinsu daga 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta.

Ga yadda aikin yake gudana. Makirufo ya ɗauki sauti, kwamfutar ta rarraba shi kashi-kashi daga mai kauri zuwa mai kaifi, faifan ya aika da saƙon ta cikin fata, makarɓi ya mayar da shi ɗigon lantarki ya raba wa ƙarafan. Kashin sauti mai kaifi yana tafiya ga ƙarafan da suke gindin katantanwa, mai kauri kuma ga waɗanda suka shiga can ciki. Ta haka na'urar take kwaikwayon tsarin da aka bayyana a 3.1.

3.4 Taƙaitaccen Tarihin Na'urar

Tun wajen shekarar 1800 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya mai suna Alessandro Volta ya zura ƙarafa biyu a kunnuwansa ya haɗa su da batirin da ya ƙirƙiro, sai ya ji wata ƙara mai kama da tafasar miya mai kauri. Wannan ya nuna cewa lantarki yana iya haddasa ji. A shekarar 1957 a birnin Faris na ƙasar Faransa, André Djourno da Charles Eyriès suka dasa waya a jikin jijiyar jin wani kurma, ya kuwa ji sauti, ko da yake na'urar ba ta daɗe ba ta lalace. A 1961 likita William House ya fara nasa gwaje-gwajen a Amurka. A watan Disamba na 1977 aka dasa wa wani majiyyaci a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya na'ura mai ƙarafa da yawa wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera.

Babban misalin da ya shafi darasinmu ya faru ne a ƙasar Ostireliya. A ranar 1 ga Agusta, 1978, Farfesa Graeme Clark ya dasa wa wani mutum mai suna Rod Saunders na'urarsa a birnin Melbon. Shi wannan mutum haɗarin mota ne ya kurumtar da shi bayan ya girma. Da yake ya san magana tun kafin haɗarin, ya iya bayyana wa masu binciken yadda kowane ƙarfe yake amo a kunnensa, kuma bayanin nasa ya taimaka ƙwarai wajen tsara yadda za a mayar da magana saƙon lantarki. Ke nan mai kurumtar buguwar kai yana cikin waɗanda aka kafa tubalin wannan fasaha da su.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi wa manya dashen na'ura mai ƙarafa da yawa a 1985, sa'annan yara 'yan shekara biyu zuwa sama a 1990. A 1991 Blake Wilson da abokan aikinsa suka fito da wata dabarar sarrafa sauti da ta inganta gane magana sosai. A 2013 aka ba Clark da Ingeborg Hochmair da Wilson lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki. Ya zuwa ƙarshen 2019 an yi rajistar dashen na'urori sama da 700,000 a duniya.

3.5 Wa Ya Dace a Yi wa Dashe?

Ba kowane mai kurumtar buguwar kai ba ne yake bukatar dashe, ba kuma kowane mai bukata ba ne zai amfana. Likitoci sukan duba abubuwa kamar haka:

Na farko, girman kurumtar. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60. Wanda ba ya fara jin sauti sai ya kai desibel 90 ko fiye, ko ihu aka yi masa ba zai gane magana ba. Akan yi tunanin dashe ne idan kurumtar ta yi tsanani kuma an gwada na'urar ƙara sauti ba ta biya bukata ba. A da sai wanda kunnuwansa biyu suka mutu ake yi wa, amma daga 2019 an amince a Amurka a yi wa mai mataccen kunne ɗaya. Wannan yana da muhimmanci domin buguwa ta fi yawan taɓa kunne ɗaya.

Na biyu, lafiyar jijiyar ji. Na'urar da jijiya take magana, don haka idan jijiyar ta tsinke babu mai karɓar saƙon. Akan yi hoton MRI da wasu gwaje-gwaje don tabbatar da haka. Ga wanda jijiyoyinsa suka tsinke akwai wata na'ura ta daban da ake dasawa a gindin ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gwadawa a 1979, sai dai sakamakonta yawanci bai kai na dashen katantanwa ba.

Na uku, ko ramin katantanwa yana buɗe. Bayan karaya, jini da kumburi sukan sa wani sabon nama mai tauri, daga baya ƙashi, ya tsiro ya cike ramin, kamar yadda yake faruwa bayan sanƙarau. Idan ya cike, zura waya yakan yi wuya ko ya gagara. Hoton CT da na MRI suke nuna haka. Wannan ne ya sa jinkiri yake da haɗari ga irin wannan majiyyaci: damar da ake da ita a watannin farko tana iya kuɓucewa.

Na huɗu, halin ƙwaƙwalwa. Buguwar da ta karya ƙashi mai taurin wannan sau da yawa takan bar rauni a ƙwaƙwalwa, wanda yake shafar tunani da haddace abu da natsuwa. Tun da koyon ji da na'ura aikin ƙwaƙwalwa ne, dole a yi la'akari da wannan.

Ita kanta tiyatar takan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku. Akan yi wa majiyyaci allurar rigakafin sanƙarau kafin a yi ta. Daga cikin matsalolin da akan fi samu ga masu karaya akwai kurɗawar lantarki ta tsagewar ƙashi zuwa jijiyar fuska, har fuska ta riƙa motsi. Akan magance haka ta hanyar rage ƙarfin ƙarfen da yake jawo matsalar ko kashe shi.

3.6 Koyon Ji Bayan Tiyata

Ba a kunna na'urar sai ciwon ya warke, galibi bayan mako biyu zuwa huɗu. Masanin ji zai daidaita kowane ƙarfe, ya gano mafi ƙarancin lantarkin da majiyyaci yake ji da kuma iyakar wanda ba ya damunsa. Akan maimaita wannan daidaitawa sau da yawa a shekarar farko.

Sautin farko baƙo ne. Masu na'urar sukan kwatanta shi da muryar ƙarfe ko rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa take haɗa sabon amon da tsohon da ta sani. A nan mai kurumtar buguwar kai yana da sa'a, domin harshen yana nan a ajiye a ƙwaƙwalwarsa. Binciken likitoci ya nuna cewa wanda ya kurumce bayan ya iya magana, kuma bai daɗe a kurumce ba, shi ya fi saurin amfana. Da yawa sukan kai ga yin hira a wuri marar hayaniya, wasu har da waya. Duk da haka na'urar ba ta mayar da ji yadda yake tun asali, kuma da zarar an cire sashen waje mutum ya koma kurma.

3.7 Na'urar da Tsarin Sautin Hausa

Abin lura a nan shi ne, ƙarafa 22 ba za su yi aikin dubban ƙwayoyin gashi ba. Na'urar ta ƙware wajen isar da ƙarfin sauti da tsawonsa, amma tana da rauni wajen isar da hawa da saukar murya. Binciken da aka yi a kan masu magana da harsunan Sin, waɗanda su ma masu karin sauti ne, ya nuna cewa masu na'urar sun fi masu lafiyayyen kunne shan wahalar bambance kari. Wannan ya shafi Hausa kai tsaye, domin Hausa tana da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma da su take bambanta ma'ana. Dubi waɗannan misalai:

kuka (sama-sama), wato zubar da hawaye; kuka (sama-ƙasa), wato bishiya;
wuya (sama-ƙasa), wato gaɓar jiki; wuya (ƙasa-sama), wato wahala.

Sai dai akwai abin da yake rage wannan matsala. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna kari, amma mai karatu ba ya ruɗewa tsakanin "ya sare kuka" da "ya fashe da kuka", saboda sauran jimlar tana fayyace masa. Mai na'ura ma da muhallin kalma yake dogara. Darasin da malami zai ɗauka shi ne ya riƙa ba shi kalma a cikin cikakkiyar jimla, musamman a lokacin shifta.

Tsawon wasali kuwa ya fi zo masa da sauƙi, domin al'amari ne na lokaci. Bambancin gari na zama da gari na tuwo ya ta'allaƙa ne ga tsawon wasalin gaɓar farko, kuma na'urar tana isar da irin wannan.

Game da baƙaƙe, sautuka masu kaifi irin su /s/ da /sh/ da /ts/, waɗanda na'urar ƙara sauti takan gaza isarwa ga mai kurumta mai tsanani, na'urar dashe tana isar da su. Inda take gazawa shi ne bambance wurin furuci, kamar tsakanin /b/ da /d/ da /g/. A nan kallon leɓɓa yake taimakawa, domin ido yana ganin bambancin baleɓe da bahanƙe. Amma ido ma yana da iyaka: bari da ɓari da mari duk siffa ɗaya suke a leɓe, haka kuma /k/ da /ƙ/ da /g/ a can cikin baki ake furta su. Ke nan kunne da ido kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, kuma kuskure ne a hana ɗalibi kallon bakin malami.

3.8 Aikin Malami a Aji

i. A zaunar da ɗalibin a gaba, nesa da taga da ƙofa, kunnen da yake da na'ura yana fuskantar malami.
ii. Malami ya fuskance shi idan zai yi magana, fuskarsa a cikin haske. Kada ya yi bayani yana rubutu a allo.
iii. Ya yi magana a fili da matsakaicin sauri. Ɗaga murya da wage baki suna ɓata siffar kalma.
iv. Hayaniya ita ce babbar abokiyar gabar mai na'ura. A saba wa 'yan aji yin magana ɗaya bayan ɗaya, malami kuma ya maimaita tambayar da aka yi daga baya.
v. A rubuta sababbin kalmomi da aikin gida a allo.
vi. Kowace safiya a gwada na'urar da sautuka shida da masani Daniel Ling ya tsara, waɗanda duk akwai su a Hausa: /m/, /uu/, /aa/, /ii/, /sh/, /s/. Malami ya rufe bakinsa da takarda ya furta, ɗalibi ya maimaita. Idan ya kasa jin wanda ya saba ji, a duba batir da waya, a kuma sanar da iyaye.
vii. A bi matakan horar da ji guda huɗu: gane akwai sauti, bambance sauti biyu, gane kalma, fahimtar zance.
viii. A kiyaye sashen waje daga ruwa da zufa da ƙurar hunturu, a kuma kiyaye kan ɗalibin daga buguwa a filin wasa.
ix. A tuna cewa sauraro da na'ura yana gajiyarwa, raunin ƙwaƙwalwa kuma yana iya jawo mantuwa da saurin fushi. Kada a ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko lalaci.
x. A hana 'yan aji tsokana da kiran sa da sunayen raini.

3.9 Iyakokin Na'urar da Muhimmancin Rigakafi

Ana yin wannan tiyata a wasu asibitoci ƙalilan a Nijeriya, amma kuɗinta miliyoyin naira ne, ban da na batir da kayan gyara da zirga-zirgar ganin masanin ji har tsawon rayuwa. Saboda haka mafi yawan yaran da malami zai gamu da su ba za su same ta ba. Abin da malami zai iya shi ne ya hanzarta shawartar iyaye su kai yaro wurin likitan kunne, kamar a asibitocin koyarwa ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma ci gaba da koyar da shi da karatu da rubutu da kallon leɓɓa da alamun hannu.

Kada a raina maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa suna da cikakken harshensu mai ƙa'idoji, wanda masaniya Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa sakamakonsa a shekarar 2000. Kurame da yawa a duniya suna kallon kansu a matsayin al'umma mai harshe da al'ada, kuma ba duka ne suke sha'awar dashe ba. Yarda da dashe zaɓi ne na mutum da iyalinsa. Da na'ura ko babu, dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar wa yaron haƙƙin neman ilimi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya suna kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, hukumar kuma ta bayyana cewa sa hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Lokacin da aka fara tilasta sa hular a Nijeriya a Janairun 2009, an ga wasu 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya a kai don su kauce wa kamu. Wannan ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa ba sai an wayar da kai, kuma aji yana daga cikin wuraren da ake fara wayarwar. Haka nan malami ya kiyayi hannunsa. Wasu sukan fake da cewa jiki ya fi kunne ji, alhali mari ɗaya a kan kunne yana iya yaga dodon kunne, ƙwala kai da bango kuma yana iya jawo abin da ya fi haka.

4.0 KAMMALAWA

An ga cewa buguwar kai tana iya lalata ji a kunnen tsakiya, ko a katantanwa, ko a jijiya da ƙwaƙwalwa, kuma kowanne da irin maganinsa. Na'urar ji ta dashe tana amfanar wanda katantanwarsa ta mutu amma jijiyarsa tana raye, matuƙar an yi ta kafin ramin ya cike da ƙashi. Bayan likita ya gama nasa, sauran aikin koyon harshe ne, wanda yake gudana a gida da makaranta. Malamin Hausa da ya san kari da tsawon wasali da wuraren furuci yana da kayan aikin da ake bukata don wannan hidima.

5.0 TAƘAITAWA

Wannan darasi ya yi bayani a kan sassan kunne, da illolin buguwar kai guda huɗu, da sassan na'urar ji ta dashe da tarihinta, da sharuɗɗan yin dashe. Haka kuma ya nuna yadda na'urar take da kari da wasula da baƙaƙen Hausa, ya kawo dabarun koyarwa, ya kuma jaddada matsayin maganar hannu da rigakafi.

6.0 AUNA FAHIMTA

1. Zana kunne ka nuna sassansa uku, ka bayyana aikin kowanne.
2. Me ya bambanta na'urar ƙara sauti da na'urar ji ta dashe?
3. Don me jinkiri yake da haɗari ga wanda karaya ta ratsa katantanwar kunnensa?
4. Kawo tagwayen kalmomin Hausa biyar da kari ya bambanta, ka sa kowace a jimlar da za ta fayyace ma'anarta.
5. Kawo kalmomi shida da suke kama da juna a leɓe, ka bayyana dalili ta fuskar wurin furuci.
6. Tsara darasin shifta na minti 35 ga 'yan aji huɗu na firamare waɗanda ɗayansu yake amfani da na'urar ji ta dashe.